Motar da Aka Ɗaura wa Aure da Takardun Wata: Nazarin Wani Ciniki a Damagaram

A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 2024, bayan an gama girbi kuma kuɗi sun fara yawo a hannun mutane, ƙanen mahaifiyata, tsohon malamin makarantar firamare da ke zaune a unguwar Birni a nan Damagaram, ya sayi mota Toyota Corolla a kan sefa miliyan 4 da jika 300 (jika ɗaya sefa dubu ce). Makonni bakwai kawai ya yi yana hawanta kafin jami'an duwan, wato kwastan, su tsare ta a kan hanyar Takeita, inda ta bayyana cewa takardun da ke hannunsa na wata mota ne dabam. Na rubuta wannan lamari dalla-dalla da izininsa, ba tare da ambaton sunan kowa ba, domin ina tsaye a wurin ranar da aka yi cinikin, na kuma bi shi ofis bayan ofis har aka kai ƙarshen maganar, kuma na tabbata cewa abin da ya same shi yana iya samun duk wani mai mutunci a garin nan.

Kawu bai taɓa mallakar mota ba. Shekaru fiye da talatin ya yi yana koyarwa a ƙauyukan Mirriya da Magariya, da keke da farko, daga baya da babur, kuma da ƙafafunsa suka fara ciwo, matarsa kuma ta kamu da hawan jini da ke buƙatar zuwa asibiti duk wata, sai ya sayar da wani fili da ya saya tun yana aiki, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ya ce zai sayi motar da za ta kai shi asibiti da gona da gidajen 'yan uwa. Kuɗin nan su ne dukiyarsa gaba ɗaya.

Ya kamata a fahimci halin da kasuwar motoci take ciki a lokacin, domin shi ne ya share wa zambar hanya. Shekaru da yawa mafi yawan motocin hannu da ake hawa a Nijar ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano a ƙasar Benin suke sauka, su haye kogi tsakanin Malanbil da Gaya, sannan su bi babbar hanya zuwa Dosso, Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe wannan iyaka ta Nijar da Benin, kaya suka koma bin tashar Lome ta cikin Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada da haɗari, kuma farashin kowace mota ya tashi. A daidai wannan lokaci darajar naira ta faɗi ƙwarai, tun daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024, ta yadda motar da ke Kano, wadda ba ta wuce tafiyar kilomita 240 daga nan ba, ta zama mai araha idan aka auna da sefa. Da aka sake buɗe iyakar Nijar da Najeriya a watan Maris 2024, sai motoci suka riƙa shigowa ta Matamaye da Magariya, wasu ta hanyar da ta dace, an biya musu duwan an yi musu lambar Nijar, wasu kuma da takardar izinin shiga ta ɗan lokaci, wadda muke kira lasepase, suka shigo ba su sake fita ba. Mai saye da bai san bambancin waɗannan biyu ba, ido ba zai nuna masa ba, domin dukansu fenti ɗaya ne da ƙyalli ɗaya.

Dillalin da ya kawo maganar ɗan wani aminin Kawu ne, masallaci ɗaya suke salla, kuma Kawu ne ya koyar da shi karatu a aji na uku, shi ya sa yake ce masa Mushe, yadda muke kiran malamin makarantar boko a nan. Wannan shi ne ginshiƙin lamarin gaba ɗaya. Da baƙo ne ya zo da motar, da Kawu, wanda ba ya sayen buhun gero sai ya zura hannu har ƙasan buhun, ya yi tambayoyi ɗari. Amma yaron ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce: "Baba Mushe, mota ce ta wani alhaji da zai tafi Umra, yana neman kuɗi cikin gaggawa, ni kuwa na ce ba wanda ya cancance ta sai kai. Ƙirar 2013 ce, 'yar Amurka, ba ta yi tafiya ba." Ya ƙara da cewa motoci irinta sun haura miliyan 5 a kasuwa, kuma wani mutum daga Agadas ya riga ya taya, gobe da safe zai zo da kuɗi.

A nan na ga abu na farko da ya kamata ya tsayar da mu. Gaggawar mai sayarwa, da araha mai yawa, da wani mai saye da ba a gani ba amma ana cewa yana tafe, duk ukun sun haɗu a cikin zance ɗaya. Kowane ɗaya daga cikinsu yana iya zama gaskiya, domin mutane kan sayar da kaya saboda lalura, amma haɗuwarsu aikinta guda ne, wato hana mai saye ya kwana da shawara. Malamanmu sun san wannan dabara tun da daɗewa da sunan najashi, wato a ƙirƙiri mai tayi na ƙarya don a ingiza mai saye na gaskiya, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi. Daga baya dillalin da bakinsa ya amsa cewa mutumin Agadas ɗin babu shi.

An kawo motar ƙofar gida bayan sallar la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi, inuwar katangu ta rufe lungun. An wanke ta tas har cikin inji, an shafa wa tayoyi mai suna sheƙi, injin kuma da zafinsa domin sun yi yawo da ita kafin su iso. A lokacin mun ɗauki wannan a matsayin kulawa. Makaniken da ya duba ta bayan watanni ya bayyana mini cewa injin da aka wanke ba ya nuna inda baƙin mai ke yoyo, injin da ya riga ya yi zafi ba ya nuna wuyar tashi ko hayaƙin safiya ko ƙarar da kan ɓace bayan mintuna kaɗan, hasken yamma kuwa yana ɓoye bambancin fenti tsakanin ƙofa da ƙofa. Ya ce shi ba ya duba mota sai da hantsi, a fili, bayan ta kwana ba a tayar da ita ba, kuma yakan bi jikinta da ɗan maganaɗisu, domin inda aka cike da foti bayan haɗari maganaɗisun ba ya kamawa sosai.

Akwai makanike a wurin ranar cinikin, amma dillalin ne ya zo da shi. Ya buɗe murfin inji, ya zaro sandar mai ya duba, ya taka totur sau biyu, ya ce: "Baba, wannan ko Makka za ta kai ka." Ba na zarginsa da sanin komai game da takardun, amma mutumin da ladarsa ta rataya a kan faɗuwar ciniki ba zai zama idon mai saye ba. Kawu yana da wani tsohon ɗalibinsa mai gareji a Sabon Gari, mai na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari ta karanta ƙwaƙwalwar mota, kuma na ce masa a hankali mu kai ta can da safe. Sai ya amsa mini: "Ɗana, idan na yi haka kamar na ce wa yaron nan maƙaryaci ne a gaban mutane. Ubansa fa tare muka tashi." Na yi shiru, kuma wannan shirun nawa yana cikin abubuwan da suka jawo asarar.

Allon motar ya nuna 88,000, dillalin ya ce kilomita ne. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka da mil suke ƙirga tafiya, kuma mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6, saboda haka ko da lambar gaskiya ce, tafiyar ta kusa kilomita 142,000. Ba gaskiya ba ce ma. Robar birki ta suɗe har ƙarfe ya fara leƙowa, fatar sitiyari ta yi santsi, kujerar direba ta lotsa, kuma waɗannan shaidu ne da ba a iya mayar da su baya kamar yadda ake mayar da lambar allo da kwamfuta cikin ƙanƙanin lokaci. Mun gan su, ba mu san yadda ake karanta su ba.

Sai maganar takardu, wadda a nan ne ainihin zambar take. Abin da aka miƙa wa Kawu kwafi ne na kart giriz, wato takardar mallakar mota, da kwafin rasiɗin biyan duwan, da takardar inshora ta wata uku. Da ya tambayi na asali, aka ce suna Yamai wurin wani ɗan alhajin, za a saka su a motar safa su iso cikin mako. Sunan da ke kan kart giriz ɗin ba na mutumin da aka nuna mana a matsayin wakilin alhaji ba ne, kuma ba wanda ya nuna wata takardar wakilci ko katin shaidar ɗan ƙasa. Ni ne na karanta takardun saboda idon Kawu ya yi rauni. Na ga lambar shasi, wato lambar shaidar da kamfani ke ba kowace mota, a kan kwafin, na leƙa ta gilashin gaba ta ɓangaren direba na ga lamba iri ɗaya a kan ɗan ƙarfen da ke wurin, sai na ce sun yi daidai. Ban san cewa wannan ɗan ƙarfe shi ne mafi sauƙin canzawa a duk jikin motar ba.

Ya dace in tsaya a kan lambar shasi, domin da mun san abin da na sani yanzu, da minti goma sun isa su ceci kuɗin Kawu. Tun daga 1981 motocin da ake sayarwa a Amurka suna ɗauke da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, kuma ba a saka haruffan I da O da Q a cikinta don kada a rikita su da 1 da 0. Ukun farko suna nuna ƙasa da kamfanin da ya ƙera motar: wadda ta fara da J daga Japan take, wadda ta fara da 2 daga Kanada, wadda ta fara da 1 ko 4 ko 5 daga Amurka. Na tara alƙalami ne na tantancewa da ake lissafawa daga sauran, ta yadda lambar da aka ƙirƙira da ka ba kasafai take dacewa ba. Na goma kuwa shi ne shekarar ƙira: 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, B 2011, C 2012, D kuma 2013. Wannan lamba ba a wuri ɗaya take ba. Tana ƙarƙashin gilashin gaba, tana kan takardar da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba, a motoci da yawa tana kan ƙananan takardun da aka manna a ƙofofi da murfin inji, kuma a motocin wannan zamani tana cikin ƙwaƙwalwar motar, inda na'urar makanike ke iya karanta ta. Mai zamba yakan canza wadda ido ke fara gani, ya ɓare ta ginshiƙin ƙofa, ya bar sauran da fatan ba wanda zai nema.

An yi ciniki a miliyan 4 da jika 300. A daren nan Kawu ya aika jika 500 na kafin alƙalami ta ɗaya daga cikin kamfanonin aika kuɗi, zuwa wani suna dabam, wanda ba na dillali ba ne, ba na wakili ba, ba kuma wanda ke kan kart giriz ba. Washegari ya ba da sauran a hannu, a zaurensa, a gaban maƙwabta biyu. An rubuta 'yar takarda ta layi huɗu da Faransanci a kan fallen littafin makaranta, mai cewa an sayar da "Toyota Corolla fara" a kan kuɗi kaza, ba lambar shasi, ba lambar katin shaidar kowa, kuma dillalin ne ya sa hannu a madadin mai sayarwa. Ba a kai ta ofishin magajin gari ko komisariya, wato ofishin 'yan sanda, an tabbatar da sa hannun ba. Kawu ya ƙara wa dillalin jika 100 na la'ada, ya sa masa albarka.

Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ta umarci muminai su rubuta bashi, su kuma kafa shaidu idan sun yi ciniki, kuma an saukar da ita ne ga mutanen da suka fi mu amana da tsoron Allah. Ina ganin a garin nan mun juya abin, mun mayar da neman rubutu alamar rashin yarda, alhali rubutu kariya ne ga ɓangarorin biyu da kuma zumuncin da ke tsakaninsu. Da an rubuta takardar sayarwa ta gaskiya, da dole a nemi mai sunan da ke kan kart giriz ya zo da katinsa, kuma a nan ne cinikin zai watse kafin ko dala ta fita daga hannun Kawu, domin wannan mutumin bai san da zancen ba sam.

Mako ya wuce takardun asali ba su iso ba. Aka ce ɗan alhajin ya yi tafiya, sannan aka ce direban safa ya manta da su a Dosso, sannan wayar wakilin ta daina shiga. Kawu ya fara damuwa amma ya ci gaba da hawan motar a cikin gari, inda 'yan sanda da yawa ɗalibansa ne, suna ganinsa sai su sara masa. A tsakiyar Janairu 2025 ya tashi zuwa ta'aziyya a wani ƙauye kusa da Kance, ni ke tuƙi. Kafin mu kai mararrabar Takeita jami'an duwan masu sintiri suka tsayar da mu. Jami'in ya karɓi kwafin, ya duba gilashin gaba, ya daɗe yana kallon ƙusoshin da suka riƙe ɗan ƙarfen lambar, sannan ya buɗe ƙofar direba ya shafa wurin da takardar kamfani ya kamata ta kasance, inda ba komai sai sauran gam da aka fente. Ya zaga ya buɗe ƙofar baya, ya sunkuya, ya karanto wata lamba daga 'yar takardar da ke manne a gefenta. Lambar takardunmu ta fara da 5YF kuma harafinta na goma D ne. Wadda ya karanto ta fara da 1NX, na gomanta kuma 9 ne. Ya miƙe ya ce da ladabi: "Baba, ka yi haƙuri, motar nan ba ita ce ta takardun nan ba. Sai mun tafi da ita."

Abin da bincike ya nuna a makonnin da suka biyo baya shi ne wannan. Motar ƙirar 2009 ce, an ƙera ta a wata masana'anta da ke Kalifoniya wadda ta daina ƙera Corolla tun 2010, saboda haka haruffan nan uku na farko kaɗai sun isa su ƙaryata maganar 2013. A shekarar ƙira ta 2011 kamfanin Toyota ya ɗan sauya fuskar wannan samfuri, ya canza bamba da fitilu da murfin baya, amma gangar jikin ɗaya ce, don haka masu gyaran jikin mota kan sayi waɗannan sassa su ɗora wa tsohuwa ta fito kamar sabuwar ƙira. Haka aka yi wa ta Kawu. Ɗan ƙyallen da ke ɗinke a gindin bel ɗin kujera yana ɗauke da shekarar 2008, kuma na'urar tsohon ɗalibin nan na Sabon Gari, da aka ba shi izinin jona ta a harabar duwan, ta karanto lambar 1NX ɗin daga ƙwaƙwalwar motar nan take. Da muka biya aka ciro rahoton tarihinta a intanet da lambar gaskiyar, sai ga shi an yi gwanjonta a Amurka bayan haɗari, kuma tun a ranar gwanjon allonta ya haura mil 160,000. Irin wannan rahoto, wanda kamfanoni kamar Carfax ke sayarwa, yana faɗin abin da ya faru da mota kafin ta baro can ne kawai, ba ya sanin abin da ya same ta bayan ta hau jirgin ruwa, amma ko wannan kaɗai ya isa ya tona ƙaryar shekara da ta tafiya.

Takardun kuwa na gaske ne, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Na wata Corolla ce fara ƙirar 2013 da aka biya wa duwan yadda ya kamata, aka yi mata lamba, daga baya ta yi mummunan haɗari aka sayar da gawarta ga masu kayan gyara. Mai ita ya miƙa takardun tare da ƙarfen ba tare da ya je an soke rajistar ba. Wani ya sayi takardun da ɗan ƙarfen lambar da allunan lamba, ya nemo mota mai kama da ita launi da samfuri daga ƙetaren iyaka, wadda ta shigo da lasepase wa'adinta ya ƙare, ya haɗa su. Masu harkar suna cewa an ɗaura mata aure. Ribar mai wannan aiki ta fito ne daga wuri biyu, kuɗin duwan da bai biya ba da kuma bambancin farashin shekaru huɗu da ya ɗora wa motar.

Kwanaki goma sha ɗaya da suka fi kowanne nauyi su ne waɗanda aka yi ana jiran amsar ko motar ta sata ce. Hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol tana da rumbun bayanan motocin da aka sace, Nijar da Najeriya duk mambobinta ne, kuma ta hannun 'yan sanda ake bincika lamba a ciki. Da an same ta a ciki, da motar ta tafi gaba ɗaya, kuma da Kawu ya tsaya yana bayanin yadda kayan sata suka zo hannunsa, da takardar layi huɗu da ba ta ambaci lambar shasi ba a matsayin hujjarsa. A kwanakin nan bai fita masallaci ba sai asuba da isha, saboda labari ya riga ya zaga unguwa cewa an kama motar Mushe. Allah ya sa lambar ba ta cikin rumbun. Abin da ya taimake shi wajen nuna cewa shi aka zalunta shi ne rasiɗin jika 500 na kamfanin aika kuɗi, wanda ke ɗauke da kwanan wata da sunan wanda ya karɓa, da saƙonnin murya na WhatsApp da dillalin ya riƙa turo masa yana alkawarin takardun asali, waɗanda jikarsa ta hana shi gogewa.

Ta fuskar duwan maganar a sarari take: mota ce da ke cikin ƙasa ba a biya mata haƙƙi ba, kuma kayan ake bi, ko a hannun wa aka same su. Bayan doguwar kai da kawowa, da la'akari da cewa an yaudare shi, aka daidaita a kan ya biya kuɗin duwan da tara, jimilla miliyan 1 da jika 250, sannan a yi mata rajista sabuwa da lambarta ta gaskiya. 'Ya'yansa da mu 'ya'yan 'yan uwansa muka haɗa kuɗin cikin wata uku. Motar ta yi kusan wata huɗu a ajiye a rana, batir ya mutu, tayoyi biyu suka tsage.

Saura dillali. Na so a kai ƙara gaban mai gabatar da ƙara na gwamnati, domin abin da aka yi zamba ce da dokar ƙasa ta tanadar wa hukunci, kuma ko a dokar ciniki mai sayarwa ne ke da alhakin aibin da ya ɓoye. A fiƙihun Malikiyya da muke bi ma, wanda ya sayi kaya ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa, kuma hadisin da ke cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, duk yaron makarantar allo ya san shi. Kawu ya shigar da ƙara a kan wakilin da mai sunan da ya karɓi kafin alƙalami, waɗanda har yau ba a same su ba, amma ya ƙi saka sunan ɗan amininsa. Aka kai wannan ɓangaren gaban mai unguwa, kamar yadda doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta irin wannan rikici. A zaman, dillalin ya rantse cewa bai san an canza lamba ba, amma ya amsa cewa bai taɓa ganin alhajin da ido ba, bai taɓa ganin takardun asali ba, ya san motar daga ƙetare ta shigo, kuma bayan la'adar Kawu ya karɓi jika 200 daga wancan ɓangaren.

Na yarda mai yiwuwa bai san zancen ƙarfen lambar ba. Amma a ganina wannan bai wanke shi ba, domin abin da ya sayar wa Kawu shi ne yardar da ke tsakanin gidajen biyu, ya ce ya sani alhali bai sani ba, kuma ya ci lada daga hannu biyu ba tare da ya faɗa ba. Dillanci sana'a ce ta halal kuma akwai masu gaskiya da yawa a cikinta a garin nan. Na ga wani dattijo a cikinsu da ba ya karɓar mota a filinsa sai ya ga kart giriz na asali da mai ita, kuma shi da kansa yake cewa mai saye ya je ya zo da makanikensa, ya kuma riƙe kuɗinsa har sai an je ofishin sufuri an fara sauya sunan mallaka. Irin wannan dillali tambaya ba ta ɓata masa rai. Wanda ya ji haushi don an nemi takardar asali, ko ya ce "ba ka yarda da ni ba ne?" a maimakon ya kawo ta, ya riga ya ba da amsar da ake nema.

Mai unguwa ya yanke cewa dillalin ya mayar da jika 300 da ya ci daga ɓangarorin biyu nan take, ya kuma biya jika 600 daga cikin asarar, jika 50 duk wata, mahaifinsa ya tsaya masa. A wannan karon an rubuta, an sa lambobin katin shaida, shaidu huɗu suka sa hannu, aka buga hatimi. Idan aka haɗa kuɗin saye da la'ada da duwan da tara da gyaran da aka yi bayan fitowarta, Kawu ya kashe kusan miliyan 6 a kan motar da ba za ta wuce miliyan 3 da rabi a kasuwa ba, kuma ko an biya shi duk abin da aka yanke, asararsa ta haura miliyan 1 da rabi.

Dillalin ya biya wata biyar a jere, ya tsallake biyu, ya sake biyan ɗaya. Mahaifinsa ya koma salla a wani masallaci da ke bayan kasuwar Dole, kuma shi da Kawu ba su zauna a tabarma ɗaya ba tun ranar zaman mai unguwa. Motar tana nan tana kai matar Kawu asibiti duk farkon wata, tana shan baƙin mai fiye da kima, kuma makaniken Sabon Gari ya ce kafin damina mai zuwa sai an sauke injin.